Yadda ake zaɓen TV tsakanin LED, QLED da OLED kafin a ba da kuɗi

Kwanakin baya ƙanwata ta kira ni daga kasuwa, ana haɗa mata kayan ɗaki kuma Baba ya ce TV kam ta zaɓa da kanta tunda ita za ta zauna da ita, ta shiga shago uku ta fito kanta yana juyawa, wannan ya ce mata QLED, wancan ya ce ai OLED ce uwar duka, wani ya nuna mata ULED, wani kuma ya ce Hajiya ki ɗauki filasma kawai ki huta. Ta ce Yaya don Allah wacce zan ɗauka? Na ce mata ki koma gida tukunna kar ki ba kowa ko sisi yau, domin amsar tana cikin falon da za ki zauna, da wutar unguwarku, da abin da za ku dinga kallo. Abin da na yi mata bayani a ranar shi ne zan zayyano a nan, daki-daki, yadda ni ma nake bi idan zan saya.

Ka fara da tef ɗin awo, ko na tela ma ya isa. Auna daga inda kujerar da aka fi zama take zuwa bangon da za a kafa TV ɗin, ka rubuta da santimita, sai ka raba da 4, abin da ya fito kusan shi ne incin da ya dace da kai. Idan tazarar santimita 130 ce to inci 32 kenan, idan 170 ce inci 43, idan 220 ce inci 55, idan ta kai 260 to 65 ba za ta yi maka yawa ba. Ba doka ba ce, wasu sun fi son babba su zauna kusa, amma da wannan lissafin ba za ka sayi wadda za ta sa yara matse ido ba ko wadda za ta cika maka ɗaki kana juya wuya. Kuma ka sani incin nan daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi a karkace, gilashin kaɗai ban da bakin roba, inci ɗaya santimita 2.54 ne. Faɗinta kuwa daban, mai inci 43 tana kai wajen santimita 95, mai 55 wajen 122, mai 65 wajen 144, to ka auna teburin ma, saboda yawancin na yanzu ƙafafunsu biyu ne can gefe da gefe, sai ka kawo gida ka ga teburin bai ɗauke su ba.

Kana tsaye a falon nan, duba taga. Ina rana take shigowa da hantsi, ina take shigowa da la'asar? Idan taga tana kallon inda TV za ta zauna kuma ba labule mai kauri, kana buƙatar mai haske sosai, in kuwa falo ne mai duhu-duhu ko kuma kai sai dare kake kallo, to wadda baƙinta ya fi kyau za ka nema. Ka duba yadda ake zama ma. A gidajenmu ba mutum ɗaya ne yake zama a tsakiya ya fuskanci allo ba, akwai masu kujerar gefe, akwai yara a ƙasa kan kafet, akwai wanda yake leƙowa daga bakin ƙofa, ka riƙe wannan a ranka za mu dawo kansa.

Sai maganar wuta, wadda masu shago ba sa tayar da ita sai ka tambaya. Kowace TV tana da takarda manne a bayanta, a nan aka rubuta wat ɗin da take ja da kuma ƙarfin wutar da take karɓa. A ƙiyasi mai inci 32 ta LED tana cin wat 30 zuwa 50, mai 43 wajen 60 zuwa 90, mai 55 tana iya haura 100, masu haske sosai kuma suna wuce haka nesa idan aka ƙure musu haske. In kana kan sola ko inbata yi lissafin da kanka: TV mai wat 100 idan ta yi awa 6 ta sha wat-awa 600 kenan, wato wat sau awa, batir mai 12V 200Ah kuwa duka-duka 2400 ne a cikinsa, kuma in na ruwa ne ko irin tsofaffin nan rabin kawai ya kamata ka taɓa in kana so ya yi ƙarko, ka ga TV kaɗai ta cinye rabin abin da kake da shi ba a sa fanka ba, ba a sa dikoda da ƙwan fitila ba. Shi ya sa mai ƙaramar sola nake ba shi shawara ya tsaya a 32 ko 43, akwai ma masu aiki da 12V kai tsaye daga batir ba sai an bi ta inbata ba.

Abu na gaba, me za ka dinga ba ta ta nuna? Nan ne maganar HD da 4K ta shigo. Hoton TV ɗige-ɗige ne ƙanana da ake kira fiksel. Wadda aka rubuta HD ko HD Ready tana da 1366 a kwance 768 a tsaye, wajen miliyan 1 kenan. Full HD 1920 da 1080, miliyan 2 da ɗan kai. 4K ko UHD 3840 da 2160, sama da miliyan 8. 8K kuwa miliyan 33, ita wannan ka manta da ita kawai, babu abin da za ka kalla a kanta yanzu da zai biya kuɗin. To amma fa allon ba ya ƙirƙiro abin da ba a ba shi ba. Tashoshin dikoda irin su DStv, GOtv, StarTimes da na dish ɗin kyauta, masu kyan cikinsu galibi a 1080 suke tsayawa, da yawa ma tsohon hoto ne na SD mai layi 576, idan ka baje wannan a kan inci 65 sai ka ga fuskokin mutane sun yi dishi-dishi kamar an shafa musu mai, sai mutum ya ce an cuce shi alhali TV ɗin ba ta da laifi. 4K na gaskiya daga intanet yake zuwa, YouTube ko Netflix, ko daga filash ko na'urar gem, kuma yana shan data ba kaɗan ba, Netflix a 4K yana iya cin gig 7 a awa ɗaya, a HD kuma wajen gig 3. Don haka a inci 32 HD ta isa, Full HD in ka samu ya fi, a 40 zuwa 43 kar ka yarda da ƙasa da Full HD, daga 50 zuwa sama kuwa ai kusan duk 4K ne ake yi yanzu, a nan abin dubawa shi ne yadda take gyara ƙaramin hoto ta faɗaɗa shi, kuma nan ne manyan kamfanoni suke yi wa ƙanana fintinkau.

Yanzu mu zo kan sunayen da suka rikita ƙanwata.

Filasma da farko. Mu dai duk TV ɗin da ta zama shafal ana rataye ta a bango filasma muke ce mata, amma ainihin filasma an daina ƙera ta tun 2014, Panasonic, Samsung da LG duk sun rufe layinta a shekarar. Duk wadda ka gani yau to ta haura shekara 10, gwanjo ce, ga nauyi ga zafi ga cin wuta, mai inci 50 tana iya jan wat 300 ko fiye. Hotonta yana da kyau a duhu wannan gaskiya ne, amma da zafin watan Afrilu da kuɗin wutar yanzu ban ga dalilin da zai sa ka kawo ta gida ba ko da an ce rabin kuɗi.

LED ita ce ta cika kasuwa. A gaskiya LCD ce, wato allo ne wanda shi da kansa ba ya ba da haske, sai an sa masa fitilu a baya, fikselolin kuma kamar ƙananan tagogi suke, suna buɗewa suna rufewa su bar haske ya wuce ko su tare shi. Da can dogon ƙwai ake sawa a bayan, da aka koma ƙananan fitilun LED sai sunan ya bi su. Matsalarta ɗaya, taga ko an rufe ta haske yana ɗan zubowa, shi ya sa baƙin LED idan ka kashe fitilar ɗaki yake komawa toka-toka. Kuma LED ɗin ma kala-kala ce gwargwadon inda aka jera fitilun. Akwai mai fitilu a gefe kawai, ita ce siririya mai kyan gani a bango, amma zafi yana taruwa mata a waje ɗaya kuma wani lokaci za ka ga haske yana ɓullowa daga kusurwa. Akwai mai fitilu a baya gaba ɗaya, ta ɗan fi kauri, ni ita na fi yarda da ita a yanayinmu. Sannan akwai wadda aka kasa fitilun bayan gida-gida, kowane gida yana iya dushewa shi kaɗai, in dare ne a hoton kuma ga wata a sama, gidan da watan yake ne kawai zai haska sauran su yi duhu, a kwali za ka ga an rubuta Full Array ko Local Dimming, in ka ga wannan to ka hau mataki babba.

Wani abu da kusan ba mai shagon da zai gaya maka, fanel ɗin LED, wato gilashin da yake nuna hoton, iri biyu ne manya, VA da IPS, kuma ba kasafai ake rubutawa a kwali ba. VA baƙinsa ya fi zurfi, fim da dare yana yin kyau a kansa, amma da ka matsa gefe sai launi ya kwashe ya yi fari-fari. IPS kuwa ko ta ina ka kalla launin yana nan, sai dai baƙinsa bai kai na VA ba. Gwajin ba wuya, a shago ka tsaya a tsakiya ka kalli fuskar mutum a allon, sai ka taka a hankali zuwa gefe, sannan ka durƙusa ka kalla daga ƙasa kamar yaron da yake zaune a kafet, in fuskar ta koɗe to VA ce. Mai gida cike da iyali, ko mai gidan kallon ƙwallo da benci ya zagaye ko'ina, IPS ta fi masa, ango da amarya su biyu a kujera ɗaya suna fuskantar bango VA za ta fi yi musu daɗi.

QLED fa? Harafi ɗaya ne ya raba ta da OLED a rubutu amma a aiki ba su haɗa hanya ba. QLED ita ma LED ce mai fitila a baya, abin da aka ƙara shi ne wani shimfiɗi na ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da idan shuɗin haske ya bi ta cikinsu suke fitar da ja da kore tsantsa, sai launuka su fito raɗau, jan atamfa ya zama ja, koren fili ya zama kore. Samsung ne ya yayata sunan tun 2017, yanzu TCL da Hisense da wasu da yawa suna yi. Su ULED na Hisense, NanoCell da QNED na LG, duk sunayen kasuwa ne a kan dangin LED ɗin nan, kowa da abin da ya ƙara. To a nan ne nake so a kula, akwai QLED mai araha wadda launin kawai aka gyara mata amma fitilun bayanta irin na talakar LED ne, ba ta da Local Dimming ba ta da wani haske na kirki, irin wannan bambancinta da LED mai kyau kaɗan ne, kar ka biya kuɗi mai yawa saboda harafin Q.

Mini-LED ita ce ƙarshen wannan dangin. An ƙanƙanta fitilun bayan har suka zama dubbai, gidajen dushewa kuma ɗaruruwa wani lokaci ma sama da dubu, don haka tana haɗa haske mai ƙarfi da baƙi mai kyau. Samsung yana kiran nasa Neo QLED. Ga falon da rana take shiga, ko gidan da TV ba ta hutawa daga safe har dare, in aljihu ya kai, wallahi ita nake zaɓa. Aibinta shi ne farin rubutu a kan baƙin hoto yana iya yin ɗan kewayen haske kamar hazo, musamman in ka kalla daga gefe, sannan tana jan wuta idan an ƙure ta.

OLED kuwa wata halitta ce daban, babu fitila a bayanta sam, kowane fiksel ɗaya daga cikin miliyan 8 ɗin nan shi yake haska kansa, in wurin baƙi ne sai ya mutu gaba ɗaya. Ranar da na fara ganinta a ɗaki mai duhu an sa hoton sararin sama da dare, na kasa gane inda allon ya ƙare da inda bango ya fara, taurarin kamar an huda baƙin ƙyalle da allura. Daga gefe ma launin ba ya canzawa, motsi kuma ba ya jan wutsiya. LG ne ya fito da mai inci 55 a 2013, Sony ma yana yi, Samsung ya shigo da nasa QD-OLED a 2022, kuma ƙaramarta a TV inci 42 ce, don haka duk wanda ya nuna maka inci 32 mai araha ya ce OLED ce ka san ba haka ba ne.

Amma ba kowane gida ta dace da shi ba, kuma zan tsaya a nan sosai. Fiksel ɗin da yake haska kansa yana gajiya, wanda ya fi aiki ya fi saurin gajiya, to idan abu ɗaya ya zauna a waje ɗaya na dubban awanni, kamar tambarin tasha a kusurwa ko jan layin labarai a ƙasa, yana iya barin inuwarsa har abada. Kawuna ya so ya saya, na je gidan na ga tun asuba ake kunna tashar Harami ta Makka ana jin karatu, ba a kashewa sai an yi isha'i, tambari da rubutu suna nan a inda suke kullum ta Allah. Na ce Kawu, Allah ya ƙara girma, kuɗin ba shi ne matsala ba amma wannan kallon naka Mini-LED yake so, ita ba ruwanta da tambari. Na biyu, OLED tana da wani gyaran kai da take yi bayan ka kashe ta da rimot, 'yan mintuna take ɗauka tana daidaita fikselolinta, to in kullum NEPA ce take kashe maka ita, ko ka saba zare soket nan take don tsoron wuta, ba ta samun yin wannan aikin yadda ya kamata. Na uku, idan hoton gaba ɗaya fari ne mai haske, tana rage kanta da kanta, a falo mai rana Mini-LED ta fi ta fitowa. Na huɗu, in fanel ya fashe ko ya lalace kuɗin canza shi ya kusa kuɗin sabuwa. Mai inbata tsayayye, mai labule, mai son fim da dare, wanda kuma yake canza tasha, shi ne mai OLED, kuma zai ji daɗinta ƙwarai.

Sauran lambobin kwali ba sai mun daɗe a kansu ba. Hz yana nufin sau nawa hoto yake sabuntawa a daƙiƙa, yawanci 50 ko 60, masu tsada 100 ko 120. Ƙwallon da dikoda take kawowa a 50 take zuwa, don haka ta talaka ma ta isa, 120 na mai PS5 ne ko Xbox Series X, shi ma a 4K sai da ramin HDMI 2.1. In ka ga Motion Rate 120 ko TruMotion da wata babbar lamba, wannan ba ainihin Hz ɗin fanel ba ne. HDR kuma, wato tsarin da yake ƙara bambanci tsakanin haske da duhu a hoto, kusan kowace 4K tana rubuta shi, amma sai allo yana da haske na gaske yake nuna amfaninsa, da nit ake auna hasken allo, masu araha haskensu wajen nit 250 zuwa 300 ne, a kansu HDR wani lokaci duhu ma yake ƙarawa, daga 600 zuwa sama ne ido yake fara shaidawa. In Dolby Vision, wani nau'in HDR, ya dame ka ka sani Samsung ba ya sa shi, HDR10+ yake amfani da shi.

Maganar smart kuwa, wato manhajar da take sa TV ta hau intanet da kanta, kar ta ja ka. Samsung yana da Tizen, LG webOS, Hisense VIDAA, TCL da Sony kuma Google TV, duk suna aiki. Waɗanda nake gudu su ne marasa suna masu tsohuwar Android irin ta waya da ƙwaƙwalwa gig 1, wata shida sai ka danna rimot ka jira, wata ma Netflix ba ya buɗewa da kyau. Ka sayi hoto mai kyau, smart ana iya ƙara shi daga baya da ɗan akwati ko sanda irin Fire TV Stick, amma hoto mara kyau ba abin da za ka jona masa ya gyaru. Ka leƙa bayanta ka ƙirga ramuka, HDMI aƙalla 3, USB, da na AV mai ja da fari da rawaya in tsohuwar dikoda gare ka domin sababbi da yawa sun cire shi, in kana son kama tashoshin gida da eriya ka nemi DVB-T2, in dish za ka jona kai tsaye DVB-S2.

To yanzu ka shirya shiga kasuwa. Ka tafi da abu uku, tef ɗin awonka, filash, da wayarka mai data. A filash ɗin ka zuba hoto fari fat, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi da toka, kowanne ya cika allo, sai ɗan bidiyon ƙwallo da wani yanki na irin abin da kuka saba kallo a gida ko da hotonsa ba shi da kyau, domin bidiyon furanni da tsuntsaye da suke kunnawa a shago an yi shi ne musamman don ya burge.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan, shekarun baya na sayi wata a wani shago, kwali ya ce inci 43, 4K, ga sunan babban kamfani a goshinta, farashi kuma ya sauko da daɗi. Wata bakwai sai murya ta rage babu hoto. Na kai wa mai gyara ya haska tocilan a jikin gilashin, muka ga hoton yana motsi can ciki a dushe, ya ce fitilun baya ne suka ƙone, da ya kwance ta sai ya ɗago ya ce Malam wannan ai ba tasu ba ce, suna kawai aka manna mata, ya sa tef muka auna inci 40 ce, fanel ɗin kuma HD ne ko Full HD bai kai ba. Rasit ɗin da aka ba ni ba lambar TV ɗin a jiki, ba yadda na iya. Abin ya yi min ciwo sosai don na daɗe ina tara kuɗin.

Saboda haka ka sa a buɗe kwalin da za ka tafi da shi, a kunna a gabanka, kar ka yarda da wadda take rataye a bango a matsayin gwaji. Shiga Settings ka nemo wurin bayanin TV ɗin, lambar model da siriyal da ta nuna su zama daidai da na takardar baya da na kwali, ukun nan su haɗu. Rubuta model ɗin a wayarka ka gani ko yana shafin kamfanin, in babu shi ko'ina ajiye ta. Auna gilashin kusurwa zuwa kusurwa. Sa filash, a farin hoto ka nemi baƙin ɗigo, a baƙin hoto ka nemi ɗigo mai haske da hasken da yake zubowa daga gefe, a toka da kore ka duba ko akwai tabo-tabo kamar gilashi mai datti, wannan tabon shi ne yake damun mai kallon ƙwallo duk lokacin da kyamara ta bi fili. Gwada kowane ramin HDMI, ƙure murya ka ji ko sifika tana karkarwa. Sannan rasit, a rubuta model da siriyal da kwanan wata, katin garanti a buga masa hatimi, ka tambayi inda ofishin gyaransu yake a garinku ko garin da ya fi kusa.

In gwanjo za ka saya, wato tokumbo, ƙara abu biyu. Duba takardar baya, in an rubuta 100-240V lafiya, in 120V kaɗai ne to ta Amurka ce, wutarmu 230 ce, jona ta kai tsaye ƙonewa ne, sannan wasu na Amurka ba sa karɓar hoton 50Hz na dikodarmu, don haka a gwada da dikoda a wurin. In OLED ce ta gwanjo kuwa ka daɗe a kan hoton toka da ja, a nan inuwar tsohon tambari take fitowa, ka bar ta a kunne ko minti 20 ne ka ga ko za ta canza in ta ɗau zafi.

An gama ciniki, saura kai ta gida. A tsaye ake ɗaukar ta cikin kwalinta, kar a kwantar da ita a bayan mota ko a adaidaita sahu a ɗora wani kaya a kai, babban gilashi in yana kwance rami ɗaya a hanya ya isa ya tsaga shi, wajen fito da ita kuma mutum biyu, a riƙe gefe da ƙasa kar yatsa ya danna allon. A bango tsakiyar allon ya zo daidai idon wanda yake zaune, mu mun saba kafa ta can sama kusa da silin, wuya yana wahala kuma in VA ce launin ma yana kwashewa. A bar 'yar tazara a bayanta iska ta wuce. Kar ta shiga soket sai ta bi ta TV gad ko stabilaiza, irin mai jinkirta wuta na ɗan lokaci bayan NEPA ta dawo, kuma in za a tada janareta a kashe ta tukunna sai ya daidaita. Da damina in hadari ya taso da walƙiya a zare wayar dish da ta eriya, ta nan ma tsawa take shigowa ta bi HDMI ta ƙone allon ciki.

Kunnawar farko za ta tambaye ka Home ko Store, zaɓi Home. Fita daga Vivid ko Dynamic ka koma Standard, da dare kuma Movie ko Cinema ko Filmmaker, da farko za ka ga kamar ya yi ja-ja, ba shi kwana biyu ido zai saba ka ga fatar mutane ta dawo irin ta mutane. Rage hasken baya daga 100 zuwa wajen 60 ko 70, fitilun za su rage zafi su daɗe, batir ma ya huta. In fim yana yi maka santsi kamar an ɗauka da waya, kashe gyaran motsi a saitin hoto. A dikoda ma ka shiga ka sa fitarta a 1080, ka yi amfani da HDMI maimakon wayar ja da rawaya in tana da ramin, mutane da yawa a nan suke zubar da rabin kyan hoton da suka biya.

Da hunturu ƙura za ta kwanta mata kullum, kar a fesa ruwa ko maganin goge gilashi a jikin allon, ruwan yana gangarawa ƙasa ya shiga inda siraran wayoyin fanel suke sai layuka su fito a tsaye. A kashe ta ta huce, a sa ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau a share a hankali ba dannawa, in akwai shatin hannun yara a ɗan jiƙa ƙyallen kaɗan a matse shi sosai. In ana rufa mata mayafi saboda ƙura, a cire shi gaba ɗaya kafin a kunna, ramukan iskan da suke sama a baya su zama a buɗe.

Ita ƙanwata da ta auna, santimita 180 ta samu, sola ƙarama, kallonta dikoda ne da YouTube jefi-jefi, falon kuma dangin miji ba sa yankewa, sai muka tsaya a kan LED inci 43 mai fitilu a baya da fanel ɗin IPS, ragowar kuɗin ta sayi stabilaiza da ƙarfen bango.